Tsohon mijina ya ce yana da lambar IMEI ta wayata, duk inda na shiga yana gani

Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce a Gusau, aurena ya mutu wata bakwai da suka wuce, na koma gidanmu da yara biyu. Ina sayar da atamfofi da turaren wuta ta WhatsApp, da shi nake rufa wa kaina asiri. Wayar hannuna Tecno ce, tsohon mijina ya saya min, shi ya buɗe imel ɗin da ke kanta, layin ma shi ya yi masa rajista tun ina amarya. Kwalin da rasit suna wurinsa. Kwanaki na kai wa wata kaya a Tudun Wada, kafin in dawo ya turo saƙo yana tambayar me na je yi, har sunan mai gidan ya faɗa. Na je biki Kaura Namoda, nan ma ya sani. Ya ce yana da lambar IMEI ta wayar, ko rami na shiga zai gan ni. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo naira 15,000 ya canja min lambar. Yayana kuma ya ce in fasa wayar in yar da layin in huta, alhali kwastomomina wannan lambar suka sani. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Gusau

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya kawo miki sauƙi, ya raya yaran. Duk wanda aka ce masa ana ganin takunsa, aka kuma kawo masa hujja har sau biyu, dole barci ya ƙaurace masa, don haka kada ki ga kamar kin cika tsoro. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna, ki kuma ba yayanki haƙuri ya dakata da maganar fasa waya. Abin da ya fi ɗaga mana hankali a wasiƙarki abubuwa biyu ne da kika ambata kika wuce kamar ba komai ba: imel ɗin da ya buɗe miki, da layin da ke da rajista da sunansa. Ita IMEI ɗin da yake ta ambata, a cikin ukun ita ce mafi ƙarancin haɗari gare ki.

Lamba ce mai alƙaluma 15 da masana'anta ke dasa wa kowace waya. Ki danna *#06# za ta fito miki. In wayarki mai layi biyu ce guda biyu za ki gani, kowane ramin sim da tasa. Takwas na farko suna faɗin kamfani da samfurin wayar, shida na biye na wannan wayar ne ita kaɗai, na ƙarshen kuma na tantance ko an rubuta sauran daidai. Kamar lambar shasin babur take: wanda ya kwafe ta ya san wane babur ne, amma ba za ta gaya masa a wace inuwa aka ajiye shi yau ba. Sim yana da tasa lambar daban, IMSI, wadda a Najeriya ke farawa da 621. Da kin kunna waya sai ta gabatar da kanta ga ƙarfen sabis, kamfanin layin ya ga lambar sim, ya ga ta wayar, ya san ta wane ƙarfe kike magana. Babu manhajar da ke hana wannan. VPN ma ba ta taɓa shi, domin abin da kike yi a intanet take lulluɓewa, ba gaisuwar waya da ƙarfe ba. In ana so ƙarfe ya daina ganin waya, sai dai a kashe ta ko a sa ta a yanayin jirgi, sakamakon kuwa kin san shi tun Satumbar 2021 da aka kashe sabis a Zamfara: waya na hannu, caji cike, ba kira ba saƙo.

To wa ke ganin abin da kamfanin ya gani? Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana irin waɗannan bayanai na shekara biyu, su ba jami'an tsaro idan aka nema ta hanyar da doka ta tanada. Shi ya sa in an sace waya ake kai IMEI wurin 'yan sanda. Mutum haka kawai, da kwali a hannu, ba shi da ƙofar shiga can. Shafukan da ke cewa rubuta IMEI ka ga inda waya take a taswira, tarkon talla ne da na cin kuɗin mutane. Manhajojin da ake saukewa kuwa, tun daga Android 10 ta 2019 aka hana su karanta IMEI. Ba mu ce ba a samun ɓata-garin ma'aikaci ko jami'in da zai leƙa wa aboki ba. Ana iya samu, laifi ne, kuma shi da lambar layi ma zai yi aikinsa ba sai da kwali ba. Sai dai abin da ƙarfen sabis ke bayarwa yanki ne: a cikin gari ɗaruruwan mita, a karkara kilomita da dama. Shi kuwa gida ya faɗa miki, har da sunan mai gidan. Irin wannan sani daga wuri biyu yake fitowa, ko GPS ɗin wayar da ke nuna wuri cikin 'yan mitoci, ko bakin mutum.

Mai gyaran wayar ba lallai macuci ne ba, abin da aka zo nema yake sayarwa. Amma aikin ba zai amfane ki ba. Da kin mayar da sim ɗinki cikin wayar, kamfanin zai haɗa sabuwar lambar da tsohon layin nan take, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ga kuma ɓarnar da kan biyo baya. Yawancin irin waɗannan wayoyi da injin MediaTek ko Unisoc suke aiki, kuma lambar tana zaune ne a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe da saitin sabis. In aka taɓa shi ba daidai ba sai wayar ta rubuta "Invalid IMEI", sabis ya ɗauke ko ya riƙa yankewa. Sau da yawa sai an ɓalle makullin tsaron wayar kafin a yi aikin, daga nan wasu manhajojin banki su ƙi buɗewa. Mafi muni, daga ina sabuwar lambar za ta fito? Daga wata wayar ake kwafowa, ba ki san ko ta sata ce ko wadda aka yi kiran neman kuɗin fansa da ita ba. A halin da jiharmu ke ciki, bai kamata mace mai sana'arta ta halak ta riƙe wayar da lambar cikinta ta saɓa da ta rasit ba. Sannan za ki bar wayarki a buɗe na awanni a hannun wanda ba ki sani ba, da hotunanki da saƙonninki.

Kafin ki taɓa komai, ki gwada ki gano ta ina ruwan ke shiga. Wata rana ki bar wayar a gida a kunne, ki fita da rakiyar yayanki zuwa wurin da ba ku gaya wa kowa ba. Wata ranar ki zauna a gida, ki ba shi wayar da data a kunne ya zaga da ita, ya tsaya minti talatin a wata unguwa da ba ki saba zuwa ba. In saƙon "me kika je yi can" ya zo a rana ta biyu, wayar ce. In ya zo a ta farko, akwai mai kai masa labari. Ki tuna bikin Kaura mutane da yawa sun gan ki, wataƙila kin ɗora hoto a sitatus, wataƙila yaran sun faɗa wa babansu da zuciya ɗaya. Kada ki tsare yara da tambaya a kan wannan, ba laifinsu ba ne.

Mun fi zargin imel ɗin. Duk wanda ya san kalmar sirrin asusun Google da ke kan waya zai iya buɗe shafin neman wayar da ta ɓata, wanda a da ake kira Find My Device yanzu kuma Find Hub, daga kowace waya ko kwamfuta. Zai ga wayarki a taswira, ya ga yawan cajinta, zai iya sa ta ringin, ya kulle ta, ko ya goge duk abin da ke cikinta daga inda yake zaune. In hotunanki na hawa Google Photos yana kallonsu, lambobin kwastomominki ma suna gabansa. Wannan ba ya buƙatar wata ƙwarewa, kalmar sirrin da shi ya ƙirƙira ta ishe shi. Saboda ikon gogewar nan ne muke so ki yi aikin a zama ɗaya, cikin sirri, da cikakken caji da isasshiyar data, ba yau kaɗan gobe kaɗan ba.

Ki fara da tara shaida. Ki ɗauki wata wayar daban ki hoton saƙonninsa, lambarsa da kwanan wata su fito. Ki buɗe WhatsApp, ki danna ɗigo ukun da ke sama, ki shiga inda aka rubuta "Linked devices". Ana iya jona asusu ɗaya da na'urori har huɗu, kuma duk wanda ya riƙe wayarki na minti ɗaya zai iya jona tasa ya riƙa karanta hirarki da mai gidan Tudun Wada, har kwatancen da ta yi miki. In kin ga na'urar da ba ki sani ba, hoto tukuna, sannan ki fitar da ita. Ki buɗe Google Maps, ki danna hotonki, ki duba "Location sharing". A cikin saitin wayar ki duba "Device admin apps" da "Accessibility", domin nan manhajojin leƙen asiri ke maƙalewa, galibi da suna mai kama da na gyaran batiri ko sabunta waya. Ki buɗe Play Store ki tabbatar Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa, na kunne. In kin same shi a kashe ba ke kika kashe ba, alama ce.

Sai layi, wanda a ganinmu ya fi komai gaggawa. Tun Disambar 2020 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN. In da tasa aka haɗa naki, a wurin kamfanin shi ne mai layin. Ranar da ransa ya ɓaci zai iya zuwa ofishinsu ya ce layinsa ya ɓata, a yi masa welkom-bak, sim ɗin hannunki ya mutu, lambar shiga WhatsApp da saƙonnin bankinki su koma wayarsa. Ki je ofishin kamfanin da katin NIN ɗinki, ba wurin mai lema a bakin titi ba, ki tambaya sunan wa ke kan layin. In nasa ne, ki tambayi ƙa'idar canja mallaka; galibi sai da amincewar wanda sunansa ke kai, wannan kuma aikin yayanki ne ya nema a gaban manya. In ya ƙi ko ya fara ja miki rai, kada ki tsaya jira. Ki sayi sabon layi da sunanki, ki shiga saitin WhatsApp, sashen "Account", ki zaɓi "Change number". Hirarrakinki da guruf-guruf ɗinki za su biyo ki, kuma za a ba ki zaɓin waɗanda za a sanar wa kin canja lamba, sai ki tsame shi da mutanensa, sai dai guruf-guruf ɗin da kike ciki za a sanar da su ko ba ki zaɓa ba. Wannan na yiwuwa ne muddin WhatsApp ɗin na buɗe a wayarki da tsohuwar lambar, shi ya sa jinkiri ke da tsada. A wannan sashen dai ki kunna "Two-step verification" ki sa alƙaluma shida da ba ranar haihuwar kowa ba. Ko da wani ya ƙwace layi, in ba shi da su sai ya jira kwana bakwai. Washegari ki je banki ki canja lambar da ke kan asusunki da BVN. Sabon sim ɗin ki sa masa PIN, amma ki kula: kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin katin, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi har abada.

Yanzu wanke wayar. Ki buɗe sabon imel a wayar wani da kika amince da shi, da sabon layinki. Ki shigar da shi cikin wayarki, ki je wurin ajiyar hirar WhatsApp, "Chat backup", ki canja asusun ajiya zuwa sabon imel ɗin, ki jira ya kai ɗari bisa ɗari. Mutane da yawa a nan suke asarar hirarsu, domin ajiyar ba ta dawowa sai da lamba ɗaya da imel ɗaya. Lambobin waya ki fitar da su a fayil daga manhajar Contacts, hotuna ki kwashe su zuwa memori ko kwamfuta. Sannan, ki riƙe wannan da kyau, ki cire tsohon imel ɗin daga sashen "Accounts" kafin ki yi wa wayar fomat, kuma fomat ɗin daga cikin saitin za ki yi. In aka yi shi da maɓallan gefe alhali imel ɗinsa na ciki, wayar za ta tashi tana neman kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, ki koma roƙonsa ko ki koma wurin mai gyara. Bayan ta tashi, ki shiga da sabon imel, ki ƙi zaɓin dawo da tsoffin manhajoji, ki sauke su ɗaya bayan ɗaya daga Play Store. Ban da waɗanda ake turawa ta Xender, ban da GB WhatsApp da danginsa. Ki sake canja kalmar sirrin sabon imel ɗin, tunda kin rubuta ta a wayar kafin a wanke ta. Ki canja makullin fuskar wayar. Fomat ba ya canja IMEI, kuma ba a buƙatar ya canja.

Akwai wasu lambobin da waya ke bayyanawa waɗanda, saɓanin IMEI, kina da iko a kansu. Wi-Fi yana da lambar MAC, haruffa da alƙaluma 12, wadda mai rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi ɗin, ke gani duk lokacin da kika hau. Daga Android 10, da iOS 14 a iPhone, waya tana ƙirƙirar ta bogi ga kowane Wi-Fi. Ki danna sunan Wi-Fi ɗin da kike hawa, ki duba "Privacy" ko "MAC address type", ki tabbatar yana kan "Randomized". Ta bogin ana gane ta: harafinta na biyu 2 ne, ko 6, ko A, ko E. A sashen "Location" ki kashe "Wi-Fi scanning" da "Bluetooth scanning", domin suna sa waya ta ci gaba da lalube ko kin kashe Wi-Fi ɗin. Sunan wayar a Bluetooth da hotspot da Xender, in sunanki ne ko Maman wane, ki canja shi, kowa a motar haya yana ganinsa. Lambar talla kuma ki goge ta a saitin Google, sashen "Ads". Wasu wayoyin masu Android 12 zuwa sama suna da maɓallin kashe 2G, tsohon tsarin da waya ba ta tantance ko ƙarfen da ta hau na gaske ne. A cikin Gusau za ki iya kashewa, amma a hanya da ƙauyuka wani lokacin shi kaɗai ke kamawa, don haka ki kunna shi kafin tafiya. Wannan bai cika shafar matsalarki ba, mun faɗa ne don masu karatu. Haka lambar *#62# da ake yaɗawa wai tana nuna mai sauraron kiranka: inda kira ke komawa in wayarka na kashe take nunawa, galibi akwatin saƙon murya na kamfanin. In kina kokwanto ki danna ##002# ya soke duk wata karkatar da kira.

Shi kuma uban yaranki, bari mu yi masa adalci. Yana da haƙƙin sanin halin da 'ya'yansa ke ciki, kuma da yadda hanyoyinmu suke, mutum zai iya shiga damuwa in ya ji an fita da yaransa gari. Amma wannan bai ba shi damar bin sawun matar da ba ta ƙarƙashinsa ba, kuma wanda damuwar yara ke damunsa ba ya cewa ko rami kika shiga zai gan ki. Wannan magana don ta tsorata ki aka faɗe ta. Kada ki mayar masa da martani, kada ki gaya masa kin gano, kada ki yi habaici a sitatus. Lokacin da taswirar ta daina nuna masa ke zai iya harzuƙa, don haka yayanki da iyayenki su san ranar da za ki yi aikin, kuma a 'yan kwanakin da suka biyo baya kada ki kai kaya ke kaɗai.

Yayanki kishinki yake yi, sai a juya kishin inda zai yi amfani. Ya nemi zama da dattawan ɓangarorin biyu a warware abu uku: kwali da rasit su dawo hannunki ko a shaida a rubuce cewa wayar kyauta ce, domin da su zai iya kai ƙarar cewa an sace masa waya, wannan ne ainihin abin da kwalin zai iya yi miki; na biyu layin ya koma sunanki; na uku a tsayar da yadda zai riƙa jin labarin yara. Hanya mai sauƙi ita ce tsohon sim ɗin ya koma ƙaramar waya mai tocila da ba ta barin gida, a tsayar da lokacin da zai kira su, maganar kuɗin makaranta da asibiti ta bi ta hannun yayanki. In zaman bai yi ba, akwai mai unguwa, akwai Hisba, akwai kotun shari'a. In barazana ta fito fili, saƙonnin da kika adana su ne hujjarki a wurin 'yan sanda, domin dokar nan ta 2015 ta haramta tsoratar da mutum ta waya. Lambar gaggawa 112 ce.

Idan bayan duk wannan gwajin ya sake nuna wayar ce, to sai a yi maganar sabuwar waya, ko da ta hannu ce mai rasit, da wani sabon layin tare. Ƙa'idarsu ɗaya: tsohon sim kada ya shiga sabuwar waya, sabon sim kada ya shiga tsohuwa, ko na minti ɗaya don gwaji, domin shiga ɗaya ta isa kamfanin ya haɗa su a rijistarsa. Sabuwar lambar kuma ki san wa kike ba, tunda in ta isa hannunsa ta bakin wata kwastoma an koma gidan jiya. In kina da dalilin zargin cewa daga cikin kamfanin layin ake fitar da bayananki, ki shigar da ƙorafi a ofishinsu ki karɓi lambar ƙorafin. In ba su yi komai ba ki kira NCC a 622, kyauta ne, za su tambaye ki wannan lambar. Hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC, wadda dokar 2023 ta kafa, ita ma tana karɓar irin wannan ƙorafi a rubuce, sai ki haɗa da kwafin saƙonnin da ranakun da abin ya faru.